Yadda magabata suka auna tauraro don su gane hanya

 A wannan karo za mu ɗaga kai mu dubi sama.

Wanda ke tafiya a ƙasar noma ba ya rasa alama. Ga kuka, ga rijiya, ga dutse, ga sawun shanu. In ya ruɗe, ya tambayi mai gona. Amma akwai wurare biyu da babu wanda za a tambaya: tsakiyar teku da tsakiyar Tenere. A can, wanda ya kauce wa hanya kaɗan da safe, kafin kwana uku ya yi nisa da ruwan sha, kuma ƙishirwa ba ta jira. Shi ya sa tun zamanin da mutane suka nemi alamar da iska ba ta shafewa. A sama suka same ta. Daga baya suka ƙera kayan auna ta, wasu da katako, wasu da tagulla.

Tauraron da ba ya tafiya

Duk wanda ya taɓa kwana a gona ya san taurari suna tafiya. Suna fitowa daga gabas, su hau, su faɗa yamma, kamar rana. Amma a arewa akwai guda ɗaya da ke tsaye wuri ɗaya tun magariba har asuba. Sauran na kewaya shi kamar dabbar da aka ɗaure a turke. Shi ne tauraron arewa. Larabawa na ce masa Jadyu, matuƙan jiragensu kuwa na kiransa Jahu.

Kada a ɗauka shi ne mafi haske. Bai ko kusa da Zara ba. Ga yadda ake gane shi. Daga watan Fabarairu zuwa Agusta, bayan sallar isha'i, a dubi arewa. Za a ga taurari bakwai masu haske sun jeru kamar ludayi: huɗu su ne ƙoƙon, uku su ne mariƙin. Malamai na kiransu Banatu Na'ashi. A ɗauki biyun nan na bakin ƙoƙon, waɗanda suka fi nisa da mariƙi. A ja layi da ido daga na gindin ƙoƙo zuwa na baki, a zarce kamar sau biyar na tazarar da ke tsakaninsu. Tauraron da aka tarar shi ne. Da kaka da farkon ɗari, ludayin na ɓuya da farkon dare. A lokacin sai a nemi wasu taurari biyar masu kama da harafin M, wanda duk ɗalibin yaƙi da jahilci ya sani. Tauraron arewa na ƙarƙashinsu.

Wanda ya fuskance shi, gabas na damansa, yamma na hagunsa, kudu na bayansa. Wannan amfani na farko ke nan. Na biyu ya fi shi ban mamaki, kuma a kansa aka gina duk kayan awon da za mu ambata.

Tsawon wannan tauraro daga gindin sama, wato inda sama ta haɗu da ƙasa, ba ɗaya ba ne a kowane gari. In mutum ya yi arewa, tauraron na ƙara hawa. In ya yi kudu, yana sauka. Dalili shi ne duniya dunƙulalliya ce, tauraron kuwa yana saitin ƙoƙuwarta ta arewa. Masu lissafi sun raba da'ira kashi 360, kowane kashi suna ce masa daraja. Daga gindin sama zuwa tsakar ka daraja 90 ne. A Maraɗi tauraron arewa na tsaye wajen daraja 13 da rabi. A Tawa ya kusa 15. A Agadas 17 ne, a Bilma ya kusa 19, a Makka ya ɗara 21. Ɗan ci-ranin da ya sauka Kwatano ko Ikko zai gan shi can ƙasa, wajen daraja 6 da rabi. Wanda ya ƙetare layin da ya raba duniya biyu ya yi kudu, ba zai ƙara ganinsa ba sai ya komo. Kowace daraja ɗaya tafiyar kilomita 111 ce, kudu ko arewa.

Ma'aunin farko shi ne hannu. A miƙe hannu sosai, a dunƙule shi. Faɗin dunƙulen nan wajen daraja 10 ne, ga babba da yaro duka, domin mai ƙaramin hannu damtsensa ma gajere ne. A Maraɗi dunƙule ɗaya da yatsa biyu sun kai ga tauraron. A Makka sai an ɗora dunƙule biyu.

Katako da igiya

Larabawa da mutanen Indiya da na gaɓar gabashin Afirka sun daɗe suna ratsa tekun Indiya da jiragen da iska ke turawa. Jagoran jirgi suna ce masa mu'allim, kalmar da ta zama malam a bakinmu. Da yatsa suke lissafi. Yatsa ɗaya a awonsu ya ɗara daraja ɗaya da rabi kaɗan. To, amma yatsun mutane ba ɗaya ba ne, hannu kuma yana rawa. Sai suka yi wani ɗan ma'auni da ake kira kamal.

Kamal ɗan katako ne mai kusurwa huɗu, bai fi tafin hannu ba. An huda tsakiyarsa an zura igiya. Jagora zai ciji igiyar da haƙori, ya tura katakon gabansa har igiyar ta miƙe. Zai yi ta matso da shi ko ya nisantar, har gefen ƙasa na katakon ya zauna a kan gindin sama, gefen sama kuma ya taɓa tauraron. Daidai inda haƙorinsa yake a jikin igiyar, nan zai yi ƙulli. Ƙullin nan shi ne shaidar garin da yake.

A duba hikimar abin. Kafin ya bar gida, jagora ya yi ƙullin garinsu. Kowace tashar jirgi da ya sani tana da nata ƙulli. In yana neman wata tasha a gaɓar Indiya, sai ya tuƙa arewa ko kudu har tauraron ya yi daidai da ƙullin tashar. Daga nan ya juya gabas. Kowane dare ya auna. In tauraron ya haura katakon, jirgi ya zame arewa. In ya nutse a bayansa, jirgi ya zame kudu. Haka zai yi ta gyara har ƙasa ta bayyana. Ba a buƙatar iya karatu kafin a yi wannan aiki. A ganinmu, cikin duk kayan awon da aka ƙera, babu wanda ya kai kamal arha da saurin koyo.

Shahararren jagoran wannan teku shi ne Ahmad ɗan Majid, mutumin Julfar, a ƙasar da ake kira Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a yau. Wajen shekarar 1490 ya rubuta littafinsa Kitabul Fawa'id, inda ya tara sanin taurari da iskoki da tashoshi. A zamaninsa tauraron arewa bai zauna daram kamar yanzu ba. Yana ɗan kewaye, nisansa da ainihin turken ya ɗara daraja 3, alhali a yau bai kai daraja ɗaya ba. Saboda haka jagora ba ya awo sai ya dubi inda wasu taurari biyu na kusa da shi suke, waɗanda ake kira Farƙadani. Idan jirgi ya yi kudu ƙwarai har tauraron arewa ya ɓace, da su Farƙadani da Banatu Na'ashi ake ci gaba da awo.

Faifan tagulla

Malaman birni kuwa suna da wani ma'auni da ya fi kamal zurfin ilimi. Sunansa asɗurlabi. Kalmar daga harshen Girka take, domin masanan Girka ne suka fara lissafinsa. Musulmi suka karɓa a Bagadaza a ƙarni na 8, suka inganta shi. Ana ambaton wani malami al-Fazari cikin na farkon da suka ƙera shi. Mafi tsufa da ya rage mai ɗauke da shekarar ƙira, wani maƙeri Nasɗulus ne ya yi shi a shekara ta 315 bayan Hijira, wato 927 ko 928. Yana ajiye a Kuwait. Sana'ar ba ta maza kaɗai ba ce. Ibnu Nadim, a littafinsa al-Fihrist, ya ambaci wata mace al-Ijliya da ta ƙera asɗurlabi a fadar Saifud Daula, wanda ya yi sarautar Halab daga 944 zuwa 967.

Kamanninsa kamar faifai ne na tagulla, da zobe a sama inda ake rataye shi a yatsa. Babban faifan ana ce masa uwa. A cikinta ake sa wasu siraran faya-fayai masu zanen layuka, waɗanda ke nuna tsawon sama daraja-daraja. A bisansu akwai wani faifai da aka sassaƙe, duk ƙofofi ne, ana ce masa gizo-gizo don ya yi kama da saƙarsa. Kowane tsini a jikin gizo-gizon tauraro ne sananne, da sunansa a rubuce. A bayan uwa kuwa akwai wani ɗan sanda mai juyawa, da huda biyu.

Ga yadda ake aiki da shi da dare. Malami zai rataye shi, ya juya sandan har ya hango tauraron da ya sani ta hudojin biyu. Bakin sandan zai nuna masa tsawon tauraron a jikin lambobin da ke gefe. Sai ya juyo fuskar, ya murza gizo-gizo har tsinin wannan tauraro ya hau layin da ke da wannan lamba. Shi ke nan, fuskar asɗurlabi ta zama hoton sama na wannan lokaci. Daga nan zai san sa'a nawa ta wuce a dare, da saura nawa alfijir ya keto, da tauraron da ke shirin fitowa. Da rana kuma, da tsawon rana yake awo. Da shi ake fitar da lokutan salla da alƙibla, da shi ake auna tsawon hasumiya da zurfin rijiya. Wanda ya ga liman na auna inuwa da ƙafa don ya san la'asar ta yi, ya ga ɗan'uwan wannan lissafi.

Sai dai kowane faifan ciki na gari ɗaya ne da garuruwan da ke saitinsa. Faifan da aka zana don Bagadaza ba zai yi aiki a Damagaram ba, tunda tsawon taurari ya bambanta. Shi ya sa ake yin faya-fayai da yawa, matafiyi ya riƙa sauyawa. A ƙarni na 11, az-Zarƙali, malamin birnin Ɗulaiɗila a Andalus, ya zana faifai ɗaya mai aiki a ko'ina.

A nan muna jan kunne. Masu asɗurlabi ba su kallon rana da ido. Suna barin haskenta ya ratsa hudar farko ya faɗa kan ta biyu. Kallon rana kai tsaye na ƙona cikin ido, kuma ƙunar ba ta da zafi a lokacin da take faruwa. A hana yara, musamman ranar husufi.

Asɗurlabin malamai bai dace da jirgi ba. Jirgi na tangaɗi, iska na kaɗa faifan. Da mutanen Fotugal suka fara bin gaɓar Afirka a ƙarni na 15, sai suka cire masa duk zane-zanen. Suka bar zobe mai nauyi da sanda kaɗai, daga baya suka yi masa manyan ƙofofi don iska ta wuce. A shekarar 2014 an tsamo irin wannan a gaɓar ƙasar Oman, cikin tarkacen wani jirgin Fotugal da ya nutse a 1503. Shi ne mafi tsufa da aka sani.

Basko da Gama ya bar Lisbon a 1497 da irin waɗannan kaya. Duk da haka, da ya isa Malindi, a ƙasar Kenya ta yau, a watan Afrilu na 1498, sai da ya nemi jagoran da ya san tekun. Jagoran ya kai shi Kalikut a Indiya cikin ƙasa da wata ɗaya. A komowa suka taso ba a lokacin iskar da ta dace ba. Suka yi wajen wata uku a kan ruwa. Mutum kamar 30 suka mutu da ciwon kumburin dasashi, wanda rashin ɗanyen ganye da ƴaƴan itace ke kawowa. Da suka iso Malindi, lemo ne suka fara nema. Ma'auni ya gaya musu inda suke, amma sanin lokacin tashi na wurin mutanen ƙasar.

Abin da tauraron arewa ba ya faɗa

Yamai da Maraɗi da Damagaram duk kusan saiti ɗaya suke. A duka ukun tauraron arewa na tsakanin daraja 13 da 14. Ga shi kuwa tsakanin Yamai da Damagaram kusan kilomita 900 ne ta hanyar mota. Ke nan kamal da asɗurlabin jirgi na faɗin nisan kudu da arewa, amma ba su san gabas da yamma ba.

Maganin wannan yana wurin lokaci. Kowa ya san da azumi mutanen Damagaram na riga na Yamai shan ruwa da kusan rabin awa. Kowace daraja ɗaya ta gabas tana gaggauta faɗuwar rana da minti 4. Saboda haka wanda ke riƙe da agogo mai nuna lokacin garinsu, in ya gwada shi da tsakar ranar inda yake, zai san nisan da ya yi gabas ko yamma. Wahalar ita ce samun agogon da ba ya ƙarya a cikin jirgi. Kafin a same shi an yi asarar rayuka. A 1707 jiragen yaƙin Ingila huɗu suka faɗa kan duwatsun tsibiran Sili da dare, mutum fiye da 1,400 suka halaka, don ba su san ainihin inda suke ba. Wani kafinta, Jon Harison, ya shafe shekaru yana aiki har ya gama irin wannan agogo a 1759. A wannan ƙarni ne kuma aka ƙera sekstan, ma'auni mai madubi, wanda ya gaji asɗurlabi a jiragen ruwa.

Madugu da manomi

A ƙasarmu, ayarin gishiri da ke tashi daga Abzin zuwa Faci da Bilma bayan damina yana ratsa fiye da kilomita 500. Madugu ba ya riƙe da katako ko tagulla. Da rana yana duba inuwa da yadda iska ta jera tudun yashi. Da dare yana duba taurari. Tafiyar gabas ce, kuma a watannin Oktoba da Nuwamba kaza da ƴaƴanta na fitowa daga gabas da farkon dare. Bayanta sai wasu taurari uku da ke jere a layi ɗaya, cikin ƙungiyar da Abzinawa ke kira Amanar, wato jagora. Waɗannan ukun daga tsakiyar gabas suke fitowa, a tsakiyar yamma suke faɗuwa. Tauraro na nuna hanya ne lokacin da yake ƙasa-ƙasa. In ya hau, sai a bar shi a kama wani da ya fito a gurbinsa. Matuƙan Larabawa ma haka suka yi: sun raba gindin sama kashi 32, suka sa wa kusan kowane kashi sunan tauraron da ke fitowa ko faɗuwa a wurin.

Manomi ma ya gaji wani ɓangare na wannan ilimi. Kowane tauraro na riga fitowarsa ta jiya da kusan minti 4, wato awa 2 a wata. Saboda haka taurari na ƙirga kwanakin shekara ba tare da kuskure ba. Taurari 28 da malamanmu ke lissafi da su, irin su Surayya da Haƙa'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, su ne Ahmad ɗan Majid ya yi bayaninsu a littafinsa. Kowane ɗaya kwana 13 yake yi, Jabha kaɗai ke yin 14, jimla kwana 365. Surayya ita ce kaza da ƴaƴanta. Tana ɓacewa a yamma wajen ƙarshen Afrilu, ta sake bayyana da asuba a watan Yuni. Amma a lura: tauraro lokaci yake faɗa, ba ya alkawarin ruwa. Masu binciken noma a Sadore, kusa da Yamai, sun ɗauki damina ta kama ne idan an sami ruwa milimita 20 cikin kwana uku, kuma fari na fiye da mako ɗaya bai biyo baya ba. Wanda ya zuba iri don tauraro ya fito kawai, ƙasa ba ta jiƙu ba, yana iya yin shuka sau biyu.

Tun 1995 tsarin GPS, mai aiki da taurarin ɗan Adam, ya kammala, kuma yanzu yana cikin wayoyin hannu. Amma batir na ƙarewa, waya na lalacewa. A 2015 makarantar sojan ruwan Amurka da ke Anapolis ta komo da koya wa ɗalibanta gane hanya da taurari, bayan ta yi shekaru da dainawa.

Mai son ya gwada kamal, ya sami ɗan katako ko kwali mai tsawon santimita 10. Ya huda tsakiyarsa, ya zura zare, ya ɗaure ta baya. Ya fita fili inda babu itace ko gini ta arewa. A Maraɗi da Yamai zai ga ƙullinsa ya faɗa wajen santimita 42 daga katakon. In tafiya ta kai shi Agadas, sai ya matso da katakon zuwa wajen santimita 33 ko 34 kafin tauraron ya zauna a kan gefensa. Daren da ya fi kyau shi ne wanda babu farin wata, bayan ruwa ya wanke sama. Da hunturu, ƙura kan rufe gindin sama, tauraron arewa kuwa a ƙasarmu ba shi da nisa da wurin.